Wa ya cika mana rumbun mai lokacin da ya yi araha?

'Yan uwa na Ƙonni, Madarunfa, Dan Isa, Magariya da Matamai, kowa a cikinku ya san da kaka ake sayen hatsi, lokacin da tiya ta faɗi, a zuba a rumbu a jira damina. Gwamnati ma ta san haka, tunda OPVN aikinta ke nan. To me ya sa ba a yi mana rumbun tsimi na mai yadda ake yin na gero?

A 2020 mai ya yi kakar da ba a taɓa gani ba. Korona ta tsayar da jirage da motoci, masu haƙo mai suka rasa wurin zubawa. Ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin gangar ɗanyen mai a kasuwar Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, mai kaya ne ke biyan wanda zai ɗauke masa. Indiya ta yi maza ta cika rumbunanta uku na ƙarƙashin ƙasa a Visakhapatnam, Mangaluru da Padur, ganga fiye da miliyan 16, kowace a kan dalar Amurka 19 ko kusa da haka, alhali a watan Janairu ta haura 60. Sin ta yi ta saye. Ostireliya da ba ta da wurin ajiya ta sayi nata, ta kama hayar wuri a Amurka.

Su Amurkawan wuya ce ta koya musu. Larabawa sun hana su mai a 1973, suka kwana a layi, a 1975 suka kafa doka, suka haƙa kogunan gishiri a Texas da Louisiana masu cin ganga sama da miliyan 700. Ƙasashen da ke cikin hukumar makamashi ta duniya kuwa dole kowace ta riƙe ajiyar da ta kai man da take shigo da shi na kwana 90.

Masu mulki za su ce ai mu muna da Agadem, muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana. Haka ne, amma matatar ɗaya ce tak, kuma kashi 60 cikin ɗari na kamfanin Sin ne. A 2015 na'ura ta lalace, ta tsaya makonni, kun ga abin da ya biyo baya. Ɗaya rijiyar da muke sha kuwa ta maƙwabta ce. Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019, a Nuwamba ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ɗan ruwa-ruwa ya ƙara kuɗin kwalba, ɗan kabu-kabu ya ƙara na hanya, mai albasa a Galmi ya tsaya yana kallon injin ban ruwa. Ku kuka fara jin wannan zafi, kafin mutanen Yamai.

Da man ya faɗi, Najeriya ta rage lita daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris 2020. A nan kuwa a lokacin lita ta tsaya a sefa 540, dala 108 a lissafin kasuwa, ko tamma ba a sauke ba. Idan an ƙi sauke wa talaka, sai a nuna masa tankunan da aka cika da sunansa, a faɗa masa kwana nawa za su riƙe ƙasa.

Ba mu ce abin kyauta ba ne. Tanki kuɗi ne, kuma tataccen mai ba ya jure dogon zama kamar gero, sai ana fitar da tsoho ana zuba sabo. Ajiyar da babu ido a kanta kuma, mun san inda take ƙarewa. Shi ya sa a 2020 jam'iyyarmu ta nemi doka daga majalisa, ba alkawarin minista ba: a ware wani kaso na rarar da ake sayar wa maƙwabta duk lokacin da farashi ya faɗi, a zuba shi a tankunan Maradi, Tawa, Dosso da Damagaram, SONIDEP ta riƙa karanta yawan litar da ke ciki a rediyo da Hausa kowane wata, kuma kada a buɗe sai da sanin dipitoci.

Duk ɗan takarar da ya zo fadarku, ku tambaye shi ko zai sa hannu a wannan doka, ku sa ya amsa a gaban mai gari.