LAFIYA UWAR JIKI: Abin da likita ke nema a wuya

Mun sha jin 'yan'uwa a kasuwar Malanville suna guna-guni, wai mutum ya je asibiti da kumburin ƙafa da haki, sai likita ya bar ƙafa ya koma leƙen wuya. To, ba shiririta ba ce.

A gefen wuya akwai jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Idan zuciya ta gaza, jini sai ya yi cunkoso a bakinta, jijiyar ta cika ta taso. Wannan daban yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. Likita kan kishingiɗar da majinyaci, tsakanin kwance da zaune, ya haska fitila ta gefen dama, ya duba inda jinin ke ɗan motsi. Daga nan sai ya auna tsayin wurin bisa ɗan tudun ƙashin ƙirji. In ya haura santimita 4, akwai magana. Wani lokaci ya danna ciki kamar daƙiƙa 10. Idan jijiya ta taso ta ƙi sauka, zargi ya ƙaru. Wanda gudawa ta tsotse kuwa, ko a kwance jijiyarsa lafewa take yi. Wani likitan Birtaniya, Thomas Lewis, shi ya bayyana wannan awo a 1930.

Mu Hausawa abin ya shafe mu ƙwarai. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga bincike kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya. Sun yi zargin kunun kanwa, saboda gishirinsa, da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Al'adar kakanni ce, amma kanwa mai yawa ruwa take tara wa jiki.

Saboda haka mai jego da ba ta iya barci sai a zaune, ƙafa ta kumbura, jijiyar wuya ta fito kamar igiya, kada a ce iska ce, a kai ta asibiti ran nan. Ba kowace cibiyar lafiya ke da na'urar hoton zuciya ba, kuma Parakou ba nan kusa ba ce. Sai dai ba a ganin jijiya ta cikin mayafi. Maigida, in likita ya ce a buɗe wuya, ka yarda, ko ka roƙi ungozoma ta tsaya a wurin.