RA'AYINMU: A Kare Zabaya Daga Ƙunar Rana

A watannin Afrilu da Mayu zafi a jihar Maraɗi yakan haura digiri 40. A lokacin ne manoman gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ke sharar gona, daga nan sai shuka, sai noma, har kaka ta yi. Mafi yawan jama'armu baƙar fata gare su, mai ɗauke da sinadarin melanin wanda ke rage kaifin rana. Amma akwai ƴan uwanmu zabaya da aka haifa da ƙarancin wannan sinadari. A gare su, wuni guda a gonar gero ko ta aya ya isa ya ƙona fata ta yi ja, har ta ɗuri ruwa.

Mutane da dama na ɗaukar wannan ƙuna ƙaramin abu, tunda bayan ƴan kwanaki fatar takan saɓule, wata ta fito. Alhali kowace ƙuna tana barin ɓarna a cikin fata, ɓarnar kuma taruwa take yi shekara da shekaru. Da farko sai a ga wuri ya yi kaushi a wuya, ko kunne, ko leɓe, ko bayan hannu. Daga baya ya zama gyambon da ba ya warkewa. Sau da yawa wannan gyambo shi ne sankarar fata, cutar da ke kashe zabaya da yawa a Afirka tun suna da ƙuruciya. Tun 1992 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A 2023 hukumar, tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta bayyana cewa a 2019 kusan mutum 19,000 suka mutu da sankarar fata saboda aiki cikin rana.

Wajibi ne kowane gida ya san abin yi idan rana ta ƙona yaro ko babba. A kai shi inuwa nan take. A jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa a riƙa ɗora masa, a ba shi ruwa ya sha da yawa. Kada a fasa inda ya ɗuri ruwa, kada a shafa toka, ko man shanu, ko baƙin mai, domin suna jawo ruɓa. Ƙwayar farasitamol tana rage raɗaɗi. Idan ƙunar ta yi faɗi, ko zazzaɓi da amai suka biyo, ko jiri, ko kuwa jariri ne ya ƙone, a garzaya gidan likita mafi kusa. Haka kuma duk miki ko tsiron da ya yi wata guda bai warke ba, a nuna wa likita. Sankarar da aka gano da wuri, ƙaramin aikin tiyata ke fitar da ita.

Idan kuwa aka yi jinkiri, hanyar ta yi nisa. A 2021 ne ƙasarmu ta buɗe cibiyarta ta farko ta gashin sankara a Yamai. Wannan ci gaba ne, amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Manomi nawa ne a Cadawa ko Tibiri zai iya kuɗin mota da na masauki da na magani ba tare da ya sayar da rumbunsa ko gonarsa ba? Gaskiyar Hausawa ce, rigakafi ya fi magani.

Rigakafin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, wando ko zane har ƙasa, da kauce wa rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Uba ya ba ɗansa zabiya aikin safiya da na marece, ko sana'ar da ake yi a inuwa, kamar ɗinki da tireda. A sa shi lakwal, malami ya zaunar da shi a gaba saboda raunin gani. Akwai kuma man kare fata mai lamba 50, wanda ake shafawa kafin fita, a sake bayan awa biyu. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a yi sai da su. Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da hukumomin gundumomin nan uku da su ƙidaya zabayan da ke yankunansu, su kai man nan kowane gidan likita, su kuma sa rana a riƙa duba fatarsu aƙalla sau biyu a shekara.

Sarakuna, limamai da malaman yaƙi da jahilci su ma suna da aiki. Su faɗa wa jama'a cewa zabiyanci gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba a ɗaukarsa ta cuɗanya, kuma ba alhakin uwa ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga watan Yuni domin zabaya, ana kuma bikin tun 2015. Ranar tana zuwa daidai farkon damina, lokacin da kowa ke gona. Kafin ta zagayo, ya kamata duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, kowane mai gari kuma ya tabbatar babu yaro zabiya da ke fita gona ba malfa.