Hasken Ƙuryar Arewacin Duniya Da Yadda Muke Karɓar Labarin Kimiyya

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Idi Araba da Shagamu da Fatakwal da sauran zanguna.  Yau zan ɗan ajiye maganar kasuwa da ta gida, in taɓo wani abu da ya faru a sararin samaniyar wasu ƙasashe masu nisa da mu, domin kuwa yadda muka karɓi labarinsa ya nuna mini wata ɗabi'a tamu da nake ganin ya kamata mu zauna mu duba.

Ranar Juma'a 10 ga watan Mayu na 2024 da daddare, har zuwa wayewar garin Asabar, miliyoyin mutane a Turai da Amurka da Asiya sun fito waje suna kallon sama ta rine da launin kore da ja da shunayya, hasken yana kaɗawa kamar labulen da iska ke hurawa. Wannan shi ne hasken da Turawa ke kira orora, wanda ni zan kira hasken ƙuryar arewacin duniya. Kada mai karatu ya ɗauka Arewarmu ta Kano da Sakkwato nake nufi. Ina nufin can ƙarshen duniya wajen ƙanƙara, irin su Norwe da Suwidin da Finlan da Aislan da Alaska da arewacin Kanada, inda ganin wannan haske a lokacin hunturu ba baƙon abu ba ne. Akwai kuma takwaransa a ƙuryar kudu, wajen Antatika. Abin da ya ba duniya mamaki a wannan dare shi ne yadda hasken ya bar inda aka saba ganinsa ya gangaro, aka gan shi a London, aka gan shi a jihar Florida ta Amurka, da Meziko, da tsibiran Kanari da ke gab da gaɓar Maroko. A ɓangaren kudu kuma aka gan shi a Afirka ta Kudu da Namibiya. Rabon da a yi guguwar da ta kai wannan ƙarfi tun 2003. Ya kuma sake faruwa, da ɗan sauƙi, a watan Oktoba na shekarar.

To hotuna suka iso mana ta waya, wasu ma daga 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Ingila. A majalisun da nake zama, jama'a sun kasu gida biyu. Kashi na farko suka ce ai ƙarya ce, aikin kwamfuta ne, Bature ya saba haɗa irin wannan. Kashi na biyu kuma suka ce shi ke nan, alamar tashin duniya ce, wasu har da ƙarin cewa fushi ne ya sauka a kan waɗancan ƙasashe. Abin da ban ji ba, ko kuma na ji daga mutum ɗaya ko biyu kacal, shi ne tambayar nan mai sauƙi: shin me ke kawo shi? A ganina rashin wannan tambaya ita ce matsalar, kuma ta fi ƙarfin maganar haske.

Bari in ɗan yi bayani gwargwadon abin da na karanta na kuma fahimta. Tsakaninmu da rana akwai tazarar kilomita kusan miliyan 150, haskenta na ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso mu. Bayan haske da zafi, rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki dare da rana ba tsayawa. Wani lokaci kuma takan yi aman wuta, ta wurgo tarin waɗannan ƙwayoyi da yawan gaske, su yi tafiyar kwana ɗaya zuwa uku kafin su iso duniya. Ita kuma wannan duniya tamu Allah Ya yi ta da ƙarfin maganaɗisu, wanda shi ne ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa, shi ne kuma ke zame mana garkuwa daga wannan feshi. Garkuwar tana karkatar da mafi yawansa, amma wani ɓangare yakan bi layukan maganaɗisun ya sauko ta ƙuryar arewa da ta kudu. Idan ya sauko sai ya yi karo da iskar da ke can sama, kilomita 100 zuwa 300 ko fiye, iskar ta ɗauki haske. Iskar oksijin ce ke ba da kore, idan kuma can sama sosai ne ta ba da ja. Naitirojin kuma ke ba da shuɗi da shunayya. Idan aman ya yi ƙarfi ainun sai da'irar hasken ta buɗe ta gangaro ƙasashen da ba su saba gani ba. Ita kuwa rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, ta lafa ta kuma tashi, kuma a watan Oktoba na 2024 hukumomin Amurka masu lura da ita suka bayyana cewa ta kai ƙololuwar tashinta a wannan zagaye.

Ga masu cewa ƙarya ce, ina da magana biyu. Ta farko, suna da ɗan abin kamawa. Kyamarar waya tana tara haske na 'yan daƙiƙu kafin ta fitar da hoto, saboda haka launin da ke hoto yakan fi wanda ido ke gani kauri. Da yawa daga waɗanda suka tsaya a waje a wannan dare sun ce da ido abin ya fi kama da farin hazo mai ɗan ja-ja, sai da suka ɗaga waya launin ya fito sosai. Kuma gaskiya ne a wannan zamani ana haɗa hotunan bogi a watsa. Amma magana ta biyu ita ce ta yanke hukunci: an faɗi zuwan abin kafin ya zo. Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta gwamnatin Amurka da ke garin Boulder ta fitar da gargaɗi tun ranar Alhamis 9 ga wata, bayan da aka ga aman ya tashi daga wani baƙin tabo a fuskar rana wanda faɗinsa ya ninka na duniyarmu fiye da sau goma. Aka gargaɗi kamfanonin wuta da masu taurarin ɗan'adam su shirya. Washegari abin ya iso. Mai ƙarya ba ya sa maka rana ya ce fito waje ka duba da idonka.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, abin da ba a gani a Ibadan balle Legas? Ruwanmu kuwa yana nan. Hasken shi ne ɓangaren da ke da kyan gani, amma guguwar da ke kawo shi tana ɓarna. A watan Satumba na 1859 an yi wadda ta fi kowace ƙarfi a tarihin da aka rubuta, aka ga hasken har a Kyuba, wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsin wuta suna jan ma'aikata. Ranar 13 ga watan Maris na 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada, mutum kusan miliyan 6 suka zauna ba wuta na tsawon awa 9. A ta 2003 an samu lalacewar manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, wato a nan nahiyarmu. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink guda 49, wata guguwa da ba ta ma kai ta kawo ba ta kumbura iskar sama, kusan 40 daga ciki suka dawo suka ƙone. Wannan Starlink ɗin dai shi ne ya fara aiki a Nijeriya a 2023. A ta Mayun 2024 kuwa, manoma a Amurka da ke shuka da taraktocin da tauraron ɗan'adam ke yi wa jagora sai da wasunsu suka dakata, saboda na'urar ta daina nuna musu daidai. Amma fa kada wani ya ɗauki wannan ya ce rana ce ke ɗauke mana wuta a unguwa. Wannan kam sababinsa na ƙasa ne.

Iyayenmu da suka zauna Kurmi da rediyo a kunne sun daɗe suna hulɗa da wannan abu ba tare da an gaya musu sunansa ba. Muryar da ke zuwa a gajeren zango tana tashi ne ta bugi wani rufi na iska mai lantarki a can sama, ta dawo ƙasa, shi ya sa take tsallake teku da hamada ta iso Sabo. Rana ce ke gina wannan rufi, shi ya sa mitar safe daban ta dare daban. Idan kuma rana ta yi walƙiya mai ƙarfi, sai gajeren zango ya ɗauke a ɓangaren duniyar da ke da rana, na 'yan mintoci ko fiye da awa. Sau nawa aka bubbuga rediyo aka zargi batir alhali laifin yana can nesa?

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da mu. Dalilin da ya sa ba ma ganin hasken shi ne muna zaune ne a tsakiyar maganaɗisun duniya, nesa da ƙuryoyin biyu. Layin da ya raba maganaɗisun gida biyu ya ratsa ta cikin Nijeriya, ba nisa da Ilori. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100, akwai wani kogin lantarki da ke gudana zuwa gabas da rana tsaka. Bayan faɗuwar rana kuma iskar saman yankinmu takan hargitse har ta dagula saƙon taurarin da ke nuna wa waya taswira, abin da direbobinmu da masu kai saƙo a Legas suke dogaro da shi kullum. Masana a jami'o'in Ibadan da Ilori sun shafe shekaru da dama suna auna waɗannan abubuwa. Marigayi Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda duniya ta sani a wannan fanni, har ya rubuta littafi guda a kan wannan kogin lantarki a 1997. Daga Sabo zuwa ƙofar wannan jami'a tafiyar mota ɗaya ce. Ke nan ilimin da muke kira na Bature, a garin da muke kwana ake yin wani ɓangarensa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta wuce ta haske. Mai cewa komai ƙarya ne da mai gaskata komai, a wurina duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukansu sun huta da wahalar bincike. Kuma mun ga abin da hakan ke jawowa. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan uwansu daga barci, Kudu da Arewa, aka yi ta dama gishiri, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Da yawa daga waɗanda suka yarda da wannan saƙo nan take, su ne kuma za su ƙaryata likitan da ya yi shekaru yana karatu. Mu da ke zaune nesa da gida abin ya fi shafarmu, saboda yawancin labarinmu ta waya yake zuwa, kuma idan ɗan uwa na Legas ya tura abu gida ana ɗaukarsa da nauyi, ana cewa ai shi yana birni ya sani.

Ga masu cewa alama ce kuwa, ba ni da ja a kan cewa duk abin da ke sama da ƙasa aya ce ta Mahalicci. Sanin yadda abu ke aiki ba ya rage masa wannan matsayi, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu godiya idan ruwa ya sauka ba. Inda nake da ja shi ne mutum ya ɗauki abin da ke da lissafi da lokaci ya liƙa shi ga wasu mutane ko wani abin da ya faru. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yi husufin rana a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka danganta husufin da rasuwar, shi kuma ya gyara musu fahimta nan take. Mu ma nan mun shaida husufin ranar 29 ga watan Maris na 2006, wanda aka sanar da ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo, ya kuma zo yadda aka faɗa, gari ya yi duhu da hantsi a wajen Shaki da wasu sassan Arewa. Aka yi salla, rana ta fito, kowa ya koma sana'arsa.

Shawarata ga 'yan uwa ba ta da tsawo. Idan labari mai ban mamaki ya shigo wayarka, kafin ka ce ƙarya ne, kafin kuma ka tura wa mutum hamsin, tambayi kanka wa ya faɗa, yaya aka yi ya sani, kuma akwai wasu da ba su da alaƙa da shi da suka ga abin da ya gani? Idan ba ka samu amsa ba, ka riƙe shi a wurinka, ba wanda zai kama ka don ba ka tura ba. Idan kuma yaronka ya dawo daga makaranta da irin wannan labari, kada ka ce masa ya rufe maka baki da tatsuniyar boko. Ka ce ya yi maka bayani, in ya kasa ya koma ya tambayi malaminsa ya dawo maka da amsa. Yaranmu na zango suna zama aji ɗaya da 'ya'yan masu masaukinmu, jarrabawa ɗaya suke rubutawa, kuma yaron da aka saba kashe wa tambaya a gida ba zai ɗaga hannu a aji ba. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wanda Allah Ya ba ikon zuwa waɗancan ƙasashe a lokacin sanyi, ya daure ya fita bayan gari cikin dare ya ɗaga kai, ya dawo ya ba mu labari da bakinsa. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare mu a inda muke neman abinci, Ya mai da kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.