Ƙasar Shuka Ba Sai Ta Kanti Ba

A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta yi kira ga ma'aikata da ɗalibai da su riƙa yin ɗan lambu a inda suke zaune. Yau kiran nan ya dawo ba tare da an buga ganga ba, domin kuwa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Sai dai ƙaramin ma'aikacin yanzu ba shi da fili. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya, tsakar gidan kuma an shafe ta da siminti. Abin da ya rage masa shi ne buhu da tsohon bokiti da fasasshiyar tukunya.

To, a nan gizo ke saƙar. Mutum ya ɗebo ƙasar ƙofar gida ya cika bokiti, ya shuka tumatir, bayan mako uku ganye ya yi ɗorawa, shuka ta tsaya cik. Daga nan sai ya yanke cewa lallai sai ya sayi ƙasar nan ta cikin leda mai rubutun Turanci. Ni a ganina, 'yan uwa ɗalibai, wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma abin kunya ne ga mai ilmi.

Dalilin mutuwar shukar ba boyayye ba ne. Ƙasa zalla in an tsare ta cikin mazubi ana yi mata ban ruwa kullum, daskarewa take yi kamar tubali, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Maganin kuwa shi ne a haɗa ta da abin da zai sassauta ta da abin da zai ciyar da ita. A ɗauki kashi biyu na ƙasar sama, irin ta gindin bishiya, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa ko dakakken ɓawon gyaɗa. Inda babu waɗannan, yashin rafi mai tsakuwa ya wadatar. A jiƙa haɗin a dunƙula a hannu: in ya dunƙulu amma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi daidai. Kada a manta a huda gindin mazubin.

Takin ne ke bukatar haƙuri. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki ƙone saiwa yake yi, saboda haka sai a tara shi da ganyaye da ɓawon kayan miya, ana yayyafa ruwa ana juyawa, har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Toka kaɗan ake sawa. Garin katako sabo kuwa a guje shi, don yayin da yake ruɓewa yana ƙwace abincin shuka.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke shigo da itacen girki birni a kan jakuna, su koma da mangala cike da taki, da haka suka riƙa noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Amma jujin wancan zamani toka ce da kashin dabbobi, na yau kuwa cike yake da leda da matattun batura da baƙin mai. Wanda zai ci ganyen da ya shuka kada ya ɗebi ƙasa daga nan, ko daga kusa da garejin makanikai.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu ita ce su nemi izinin haƙa ramin taki a bayan wuraren sayar da abinci, inda ake zubar da ɓawon doya da na albasa kowace safiya. In aka fara tarawa a watan Fabrairu, kafin ruwan farko ya sauka kowane ɗakin kwana zai sami abin cika buhunan alayyafo da barkono.