Kar ku saida sa saboda sabuwar manhaja

Ƴan uwa, ku saurara. Yau duk inda ake biki, ko suna, ko kokowa, sai ka ga saurayi da kamara yana ɗaukar bidiyo. Ƴaƴanmu ne, kuma sana'a ce mai kyau. In ya gama ɗauka, sai ya zuba hoton cikin kwamfuta. Ya yanke inda bai yi kyau ba, ya jona sauran, ya sa kiɗa, ya rubuta sunan ango da amarya. Abin da ke cikin kwamfuta wanda yake wannan aiki da shi, shi ake kira manhaja. Ita ce almakashinsa, ita ce allurarsa.

Kwanan baya wani dattijo ya tsaida ni bayan darasi. Ɗansa da ke wannan sana'a a Maradi ya aiko, wai sabuwar manhaja ta fito, tasa ta tsufa, a saida san huɗa a aika masa kuɗi. Ya ce mini: "Malam, in saida?" Amsar da na ba shi ita zan ba ku. Kar ku saida, sai yaro ya amsa tambaya uku.

Ta farko: saye ne ko haya? Da can, mutum yana sayen manhaja sau ɗaya, ta zama tasa. Amma a 2013, kamfanin Adobe na Amurka, mai manhajar Premiere, ya ce sababbin manhajojinsa sai da haya. Ana biya wata-wata ko shekara-shekara, kuma ana bukatar intanet. In ka daina biya, manhaja ta rufe. To, ku duba. Bukukuwa sun fi yawa da kaka, lokacin da rumbu ya cika. Da damina kowa yana gona. Amma haya ba ta san damina ba. Kuɗin sa za su ƙare, haya tana nan. Bara an saida sa, bana mi za a saida?

Ta biyu: kwamfutarsa za ta iya ɗaukar ta? Sabuwar manhaja kaya ne mai nauyi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta da giga ake auna ta. Premiere ta yanzu tana son giga 8 a ƙalla, an fi son 16. Hoton da ake kira 4K kuwa, sai 32. In aka ɗora wa jaki kayan raƙumi, kwanciya zai yi. Ke nan bayan manhaja sai yaro ya sake aikowa, a sai masa sabuwar kwamfuta. Kuma wa zai kalli 4K ɗin? Yawancinmu a waya muke kallo. In an turo bidiyo ta WhatsApp, matse shi ake yi, rabin kyawun ya zube a hanya.

Ta uku: ina aikin mutane da ke hannunsa? Wannan ba wasa ba ne. A 2011, kamfanin Apple ya fitar da Final Cut Pro X don ta maye gurbin Final Cut Pro 7. Sai ga shi sabuwar ba ta buɗe ayyukan da aka fara da tsohuwar. Manyan masu haɗa fim suka yi ta kuka, da yawa suka koma wata manhaja. In haka ta samu gwanaye masu kuɗi, ina ga ɗanka mai kwamfuta ɗaya? Biki sau ɗaya ake yin shi. In aikin ya lalace, ba za a sake kai amarya don a ɗauka ba. Sunan gidanku ne zai ɓaci.

Wani zai ce: "Malam, kana so yara su zauna a baya?" A'a. Akwai lokacin da canji ya zama dole. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗaukar bidiyo da wani tsari da tsofaffin manhajoji da yawa ba su gane ba. In masu biki suna kawo hoton da manhajarsa ta kasa buɗewa, to, bukata ta zo. Amma ko a nan ba sai an taɓa garke ba. Akwai Shotcut da Kdenlive, kyauta ne. Akwai DaVinci Resolve, wadda manyan ma'aikatan fim ke aiki da ita, ita ma tana da ta kyauta, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ya gwada su tukuna. Ya gama aikin mutane kafin gwaji, kuma kar ya goge tsohuwar. Ta sata da ake zuba wa mutane da araha kuwa, ya guje ta. Sau da yawa tana zuwa da cutar da ke lalata kwamfuta.

Ku tambayi masu biki abin da ke ɓata musu rai. Murya ba ta fita. Hoto yana rawa. Uwar amarya ba ta fito ba ko sau ɗaya. Wannan ba laifin manhaja ba ne. Maganinsa makirfo mai kyau, da ƙafar ɗora kamara, da natsuwa. Tela gwani da tsohon keke ya fi ɗan koyo da sabo.

Saboda haka ku ce wa yaro: sana'a ita ke sayen kayanta. Ya riƙa aje wani abu daga kowane biki. In bukata ta zo, ya biya da ribarsa. In ribar ba ta isa ba, lokaci bai yi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Sabuwar manhaja za ta sake fitowa baɗi, amma damina in ta wuce ba a huɗa ba, ta wuce ke nan.

Allah ya sa mu gane.