Uwargida, Kafin A Sayo Mota Mai Shan Gas

 

Na san wata za ta ce yau kuma Malama me ya kai ki gareji? Abin da ya kai ni shi ne wata ɗalibata ta ajin matan aure da ta tsayar da ni bayan an tashi. Ta ɗauki adashinta, ta haɗa da kuɗin sarƙarta da ta sayar, ta ba maigidanta ya cika su sayi motar kai yara makaranta. Shi kuma dillali ya nuna masa wata 'yar Kwatano mai shan gas, wato dizal, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira gazuwal. Ya ce masa injin gas ba ya mutuwa, har jikoki sai sun gada. Tambayarta ita ce, gaskiya ne? Tunda guminki na iya shiga irin wannan ciniki, kuma ke za a bari a bakin titi da yara cikin rana idan mota ta tsaya, ya kamata ki san abin da za ki ce idan an zo shawara.

Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Injin gas ba ya aiki da fulogi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan a fesa mai ya kama da kansa. Saboda wannan matsi ake ƙera shi da kauri da nauyi, kuma yakan sha mai ƙasa da na fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa tirela da tifa da manyan janaretoci duk gas suke sha.

Sai dai sunan da injin gas ya yi na juriya, tsofaffin injuna ne suka yi masa shi. Akwai Mercedes ɗin nan da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, irin su 200D da 240D, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna aikin tasi a ƙasashe da dama. Akwai injin Peugeot mai lita 1.9 da aka sa a 405 da 306. Akwai na Toyota da ke cikin tsofaffin Hilux da Hiace, da kuma wanda ake kira 1HZ mai lita 4.2, da aka fara sawa a Land Cruiser a 1990, wanda direbobin Agadez suka san darajarsa a cikin sahara. Waɗannan duk famfon mai na ƙarfe gare su, babu wata ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke juya su. Ba su da gudu, suna da ƙara kamar injin markaɗe, amma bakanike na gefen hanya zai kwance su ya ɗaure. Matsalarsu a yau ita ce tsufa. Injin na iya zama garau, amma jikin motar ya gaji, tsatsa ta ci ƙasanta, wayoyinta sun ruɓe.

Daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci wani sabon tsari na fesa mai, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Idan kin ga an rubuta HDi ko CDI ko dCi ko D-4D a bayan mota, to irinsa ne. Mota ta yi shiru, ta yi gudu, ta rage shan mai. Amma ƙarfin da ake tura man da shi ya ninka na iskar tayar mota sau ɗaruruwa, kuma ƙofofin injekta sun yi sirantar gashin kai. Ɗigon ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya a man ya isa ya lalata su. Ki tuna yadda muke sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu idan an shiga wahala. Tsohon inji zai haɗiye ya yi tari ya wuce. Sabon kuwa sai an sauya injekta huɗu, wani lokaci har da famfo, kuɗin da ya isa ya biya wa yara makaranta na zango guda ko fiye.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar matatar hayaƙi. Dokar Turai ta tsananta a kan hayaƙin mota, don haka kusan duk ƙaramar motar gas da aka sayar sabuwa a can daga 2011 tana da wata matata a cikin salansa mai tare ƙunƙunniya. Matatar tana cika, kuma hanyar da take wanke kanta ita ce ta yi zafi sosai, wajen digiri 600, ta ƙone abin da ta tara. Wannan zafi ba ya samuwa sai an hau babban titi an yi tafiya ta minti ashirin ko fiye ba tsayawa. To ki duba zirga-zirgar gidanki. Daga gida zuwa makarantar boko, a dawo, a kai Islamiyya da yamma, a biya kasuwa, ranar Asabar a je gidan suna. Duk tafiyar ba ta wuce kilomita biyar ko shida, rabinta a cikin cunkoso. Inji bai gama ɗumi ba an kashe shi. A haka matatar za ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi ja. Motar da aka ƙera don mai zuwa aiki daga gari zuwa gari ce aka mayar ta kai yara makaranta.

Ga kuma ingancin man kansa. Tun 2009 gas ɗin Turai ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta, kuma da shi aka auna waɗannan injuna. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna ana shigo wa Afirka ta Yamma da gas mai farar wuta da ta ninka haka sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage zuwa kashi 50. Farar wuta mai yawa tana saurin kashe matatar, tana kuma ɓata baƙin mai.

Wasu makanikai sukan ce a fasa matatar a zubar, a huta. Mota za ta tashi, amma hayaƙin da aka tare zai fito a tsakar gidanki duk safiya lokacin da ake ɗumama inji yara na tsaye da jakunkuna. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas a jerin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Ni dai ba zan so wannan a gidan da ake da mai asma ba.

Me ya sa motocin suka yi yawa a wurin dillalai, har farashinsu ke jan hankali? A Faransa, fiye da kashi 70 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2012 masu shan gas ne. Bayan abin kunyar da ya faru a 2015, lokacin da aka gano kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi a gwajin hayaƙi, sai Turawa suka fara juya musu baya, manyan birane suka taƙaita shigar tsofaffinsu. Abin da suka gaji da shi ne ake loda mana a jirgin ruwa. Ko a cikinsu ma ba duka suke ɗaya ba. Injin Volkswagen mai lita 1.9 ya yi suna wajen daɗewa. Na BMW mai lita 2 da aka fara a 2007 an san shi da matsalar sarƙar cikin inji, wadda ke can baya, gyaranta yakan kai ga sauke injin. Na Peugeot mai lita 1.6 kuwa ba ya yafe jinkirin juyen baƙin mai, turbo ɗinsa ne ke fara tafiya. Saboda haka sunan kamfani kaɗai bai isa ba, a tambayi wane inji ne, na wace shekara.

Batun arahar mai ma a yi lissafi da biro. A Najeriya an daɗe gas ya fi fetur tsada, domin fetur ne ke da tallafi har zuwa Mayun 2023 da aka cire shi. A je gidan mai a ga farashin ranar, a kwatanta da tafiyar da ake yi a wata. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Abuja duk mako, ko yake ɗaukar kaya zuwa ƙauye, gas zai iya biyansa. Mai zagaye cikin gari ba zai ga rarar ba kafin gyara ya cinye ta.

Idan duk da haka maigida ya ƙyalla ido, to ki roƙe shi abu kaɗan, cikin lalama, ba a gaban abokansa ba. Ya fara nemo bakaniken da ya san wannan inji a garinku, ya kuma tabbatar akwai kayan gyaransa a kasuwa, kafin ya biya ko sisi. Su je ganin motar da sassafe, ya taɓa injin ya ji da sanyi, don dillali mai wayo yakan ɗumama ta kafin mai saye ya iso. Lafiyayyen inji yana tashi bugu ɗaya. Shuɗin hayaƙi alamar yana ƙona baƙin mai ne, baƙi ƙirin alamar mai ya fi iska yawa, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuwa sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Idan an murɗa makulli, fitilun gaban direba su kama duka sannan su mutu, domin akwai masu cire ƙwan fitilar da ke tona asiri. A sa na'urar kwamfuta ta duba ta. Lambar kilomita kuma kada a yarda da ita ita kaɗai, ana mayar da ita baya. A dubi yadda sitiyari da abin taka burki suka suɗe. Sannan a yi magana a gaban shaidu cewa idan wani aibi da aka ɓoye ya bayyana za a mayar da mota, wannan haƙƙi ne da shari'a ta ba mai saye.

Idan an saya, ki ja kunnen duk yaron da za a aika shan mai. Fetur a tankin motar gas yana iya kashe famfo da injekta a tafiya ɗaya. In an yi kuskuren, kada a tayar da ita, a tura ta gefe a zuƙe tankin.

Ɗalibar tawa ta koma gida da waɗannan tambayoyi a rubuce a bayan littafinta. Da suka zauna suka ƙirga, tafiyarsu mafi nisa a mako ita ce gidan surukarta, kilomita tara. Sun bar motar gas ɗin a wurin dillali, suna neman ƙaramar mai shan fetur. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.