An Bar Waya Ana Dukan Sensa

Daga Moshi Zango zuwa Suame Magazine ba nisa, kuma wannan unguwar kanikawa ta Kumasi tana cikin manyan matattarar gyaran mota a nahiyar Afirka. Samarin Zango da yawa sun koyi sana'a a can ƙarƙashin masta, a zamanin da bakanike ke gane ciwon inji da kunne da hanci. Motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema yanzu wani iri ne. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a ƙananan motocin da ake sayarwa a can, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur, a 2004 ga masu shan dizal. Kowace tana da soket mai huji 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'ura ta fitar da lambar matsala. Wannan ci gaba ne, sai dai ya zo da wata ɗabi'a mai cinye kuɗin direbobi: ana ganin lamba sai a aiki yaro ya sayo sensa. A ganina wannan ganganci ne, kuma gyaransa yana wuyan mai mota kamar yadda yake wuyan bakanike.

Mu ɗauki lamba P0320, da 'yan uwanta P0335 da P0340. Ta farko tana nufin kwamfutar mota ba ta samun saƙon gudun inji yadda ya kamata, ta biyu ta shafi layin sensar karankishaf, ta uku layin sensar kamshaf. Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce layi. Akwai wani faifai mai haƙora da ke juyawa tare da karankishaf, an cire masa haƙori ɗaya ko biyu da gangan domin ya zama alama. Sensa tana zaune daf da shi tana ƙirga haƙoran, tana aika wa kwamfuta labari ta waya, ita kuma da wannan labarin take sanin lokacin ba filogi wuta da lokacin fesa mai. Idan labarin ya yanke, abin da kwamfuta ta sani ke nan: bai iso ba. Ba ta da idon da za ta ga ko sensa ce ta mutu, ko ɓera ya gwaguye waya, ko tsatsa ta kama soket bayan ruwan damina, ko zafin salansa ya narka rigar waya, ko haƙori ya karye, ko kuwa batir ne ya yi sanyi har wuta ta faɗi a lokacin tayarwa. Duk waɗannan suna iya haifar da lamba iri ɗaya. Wanda ya canza sensa alhali waya ce ta katse ya bar jaki yana dukan taiki, kuma mai tasi ne zai biya kuɗin dukan.

Abin takaicin shi ne binciken ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A murza makulli a kalli allurar da ke nuna gudun inji, ko a duba adadin a fuskar na'ura; in inji yana juyawa amma adadin na nan a sifili, saƙo ba ya isa. Sai a auna batir, a cire soket ɗin sensa a duba mai ko tsatsa, a bi waya da hannu ana girgiza ta. Sensa mai waya biyu galibi da maganaɗisu take aiki, ita ke haifar da 'yar wutarta, kuma ana auna ta da mita a gwada da adadin da kamfanin motar ya tsara. Mai waya uku sai an ba ta wuta, yawanci bolt 5 ko 12, don haka tilas a tabbatar wutar tana zuwa kuma wayar ƙasa lafiya take kafin a zarge ta. Akwai kuma halin da direbobin motocin haya na turoturo suka sani sarai: mota ta yi ta tafiya lafiya, ta yi zafi a cunkoson kasuwar Kejetia ta mutu, ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Nan kam sensa na iya zama mai laifi, amma sai an auna ta da zafinta za a kama ta.

Kanikawa suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mai mota ba ya biyan kuɗin dubawa, sai ya ga an cire wani abu an sa wani. Wanda ya ɓata awa guda yana bin waya, ya gyara ta da dalma, za a ce masa ai ba ka yi komai ba, a miƙa masa 'yan sidi kamar sadaka. Gaskiya ne, kuma nan ne laifin masu mota yake, domin wanda ya ƙi biyan ilimi shi ya koya wa bakanike sayar masa da ƙarfe. Amma hujjar ta tsaya a nan. Sensar da ake sayowa sau da yawa tsohuwa ce da aka ciro daga wata motar, ko jabu mai araha, sai a cire mai lafiya a sa mara lafiya, matsala ɗaya ta zama biyu. Direba ya dawo sau uku, a ƙarshe a ce masa kwamfutar ce ta ƙone, wadda ita ce mafi tsada kuma ba kasafai take zama sanadi ba. Bakanike ya ci ribar yini ɗaya ya rasa mutumin da zai kawo masa wasu goma.

Wasu kuma na cewa yawancin yaran gareji ba su yi nisa a boko ba, yaya za su karanta zanen waya da Turanci? Wannan raina musu hankali ne. Yaron da ya haddace jerin wutar silinda da ƙarfin ɗaurin kowane noti zai iya koyon mita a 'yan makonni idan aka nuna masa da Hausa ko Twi. Suame ma ta saba da haɗa jami'a da gareji: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a can tun wajen 1980, ga kuma ƙungiyar SMIDO ta masu sana'ar wurin. Abin da ya rage shi ne irin wannan horo ya isa ƙananan garejin Zango, kuma ƙungiyoyin kanikawa su tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, a faɗa wa mai mota tun kafin a buɗe bonet. Shi kuma direba yana da tambaya ɗaya da zai yi kafin ya zaro kuɗin sensa: Masta, ka auna wayar?